Wa Zai Kayar da Wa? Gamon Gwarazan Marvel da DC da Gardamar da Ba Ta Tsufa

A watan Satumba na shekarar 2025, kamfanoni biyu na ƙasar Amurka masu buga littattafan zane, wato Marvel da DC, suka sake haɗa gwarazansu cikin labari guda, bayan shekara 21 da suka yi kowa na harkar gabansa. Marvel ne ya fara fitar da littafin da ya gama Deadpool da Batman, rubutun Zeb Wells da zanen Greg Capullo. A watan Nuwamba DC ya biyo baya da nasa, wanda Grant Morrison ya rubuta, Dan Mora ya zana. Ga wanda bai tashi da irin waɗannan littattafai ba, wannan labarin ƴan kasuwa ne, ba abin da ya sha masa kai. Amma ga ɗimbin masu karatu a Amurka da Turai, har da mu ƴan ƙalilan a nan Nijar da furfura ta soma yi wa sallama, labarin ya tono tsohuwar gardama. Wasu suka yi murna kamar an dawo musu da ƙuruciya. Wasu suka taɓe baki, suka ce na yanzu ba zai kama ƙafar na da ba. Wasu kuwa ko buɗe sabon littafin ba su yi ba, suka koma kan shari'ar da aka yanke tun 1996, wadda har yau ba su yarda da ita ba.

Ina cikin waɗanda abin ya taɓa, shi ya sa na ga ya dace in kawo zancen gaban ƴan uwana malamai da masu hidimar al'adu. Na san wani zai ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa malamin Faransanci da Hausa da mutane masu rufe fuska suna yawo a saman benaye? Amsar ita ce, a cikin wannan gardama ta yara, wadda kullum take farawa da “wa zai kayar da wa”, akwai tambayar da ta shafi duk mai koyar da adabi: wane ne mai labari? Wanda ya ƙaga shi, ko wanda ya mallaki takardar shedarsa, ko kuwa wanda ya karanta ya ci gaba da saƙa shi a cikin kansa?

Sai mu fara da sanin gidajen biyu. DC shi ne babban wa. A 1938 wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar wa kamfanin da daga baya ya zama DC haƙƙin Superman a kan dalar Amurka 130. Batman ya biyo a 1939, Wonder Woman a 1941. Gidan Marvel ma yana da tsohon tushe, don Captain America ɗan 1941 ne, amma tashensa na gaske ya zo ne a farkon shekarun 1960, sa'ad da Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka fito da Hulk da Thor da Spider-Man a 1962, sa'an nan X-Men da Avengers a 1963. Tun daga lokacin gidajen biyu suke zaman kishiyoyi, kayansu a kan kanta ɗaya, kuma aljihun yaro ɗaya suke hari.

Halinsu kuwa ya bambanta. Gwarazan DC na asali kamar sarakuna suke, suna zaune a biranen da aka ƙaga, Metropolis da Gotham, jama'a na ɗaga kai suna kallonsu. Na Marvel kuwa yawancinsu talakawa ne da ƙarfi ya faɗo wa bagatatan. Spider-Man ɗalibi ne maraya da matar baffansa ta riƙe a birnin Niyok, kuɗin haya na gagararsa, jaridar garin na zaginsa kullum. X-Men kuwa jama'ar da suke karewa ce take jifansu. Saboda haka mai tambayar wa zai kayar da wa, ko ya sani ko bai sani ba, yana faɗin irin gwarzon da ya fi kwanta masa a rai ne: wanda ake hange a sama, ko wanda ake tafiya tare da shi a ƙasa.

Mu da muka yi lakwal a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ta hanyar Faransa waɗannan mutane suka iso mana. Wani kamfani na birnin Liyon mai suna Lug ne yake fassara labarun Marvel, yana fitar da su a mujallar Strange tun 1970, daga baya aka ƙara Titans da Nova da Spidey. Superman da Batman kuwa wani kamfani ne dabam, Sagédition, ya daɗe yana buga su. Sunayen ma sun sauya a hanya: Spider-Man ya zama l'Araignée, mu kuma muka mai da shi Gizo-gizo, Wolverine ya zama Serval, Storm ta zama Tornade. Har zanen an taɓa shi, domin dokar Faransa ta 1949 game da littattafan yara ta sa ma'aikatan Lug suna goge wasu alamun duka da fuskoki masu ban tsoro kafin a buga. Abin da muke riƙe da shi ya riga ya bi ta hannun mai fassara da mai tacewa da ɗan gwanjo kafin ya zo gare mu.

A Maraɗi inda na tashi, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, kusa da kasuwa, muke samunsu, gauraye da Akim da Zembla da Blek. Wanda ba shi da kuɗin saye sai ya ba da dala biyar ya karɓi haya zuwa gobe. Ba mu taɓa samunsu a jere ba. Ka karanta lamba guda inda aka bar Gizo-gizo gini ya rufta masa, a ƙasan shafi an rubuta à suivre, wadda za ta shigo hannunka a gaba kuwa ta shekara biyu ce bayan haka, ko ta shekara uku kafin haka. Da darajar sefa ta faɗi da rabi a Janairun 1994, sabon littafi daga Faransa ya ƙara yi mana nisa, tsofaffin suka ci gaba da zagayawa har bangonsu ya tafi. Wannan giɓi da bakinmu muke cike shi. A lokacin shan iska a kolej, ƙarƙashin dogon yaro, kowa na faɗin yadda yake ganin an ƙare, kuma wanda ya fi iya baki shi ke da gaskiya a ranar. Da yawa daga cikinmu a nan muka tsinci kalmomin Faransancin da mushe bai kai ga koya mana ba.

Ba mu san akwai katanga tsakanin gidajen ba. A wurinmu duk ƴan gari ɗaya ne, abin mamakin ma shi ne da ba su taɓa gamuwa a hanya ba. Sai wata shekara labari ya bazu a ajinmu cewa akwai wani babban littafi, mai faɗin faifai, inda Superman ya kara da Gizo-gizo. Wani ɗan ajinmu ya rantse wansa da ke karatu a Abijan ya gan shi da idonsa. Babu wanda ya taɓa riƙe littafin a cikinmu, amma kowa ya san ƙarshensa: ƴan Strange suka ce Gizo-gizo ya naɗe shi da yana ya rataye shi a jikin bene, ƴan Superman suka ce da hurawar baki guda aka gama. Mun ci wata uku muna wannan shari'a, har an yi gaba a kanta, an kuma shirya.

Littafin kuwa akwai shi. A farkon 1976 ya fito, shafukansa sun kusa 100, farashinsa dalar Amurka 2, a lokacin da littafin zane na yau da kullum bai kai kashi ɗaya cikin shida na wannan kuɗi ba. Gerry Conway ya rubuta, Ross Andru ya zana, dukansu biyu mutane ne da suka san gidajen biyu ciki da waje. Na karanta shi bayan na fara aikin koyarwa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wahalar da marubucin ya sha wajen daidaita awo. Kowa ya san wanda ke iya ɗaga jirgin ruwa ba sa'an ɗalibi mai hawa bango ba ne. Sai aka sa mugun DC, Lex Luthor, wanda ya haɗa kai da mugun Marvel, Doctor Octopus, ya harbi Spider-Man a ɓoye da hasken jar rana, irin wanda ke karya lagon Superman. Da wannan ƙarfin aro Spider-Man ya yi ta jifa da Superman, don magoya bayansa su sami abin tafi. Da aron ya ƙare, ya ci gaba da naushin ƙirjin Superman har hannuwansa suka yi tsami, don magoya bayan wancan su ma su sami nasu. Daga nan suka gane haɗa su faɗa aka yi, suka shirya, suka bi sawun miyagun biyu tare.

Wannan shi ya zama zubin da aka riƙa bi, da ƴan sauye-sauye: rashin fahimta, faɗa, canjaras, sulhu, sa'an nan taron dangi a kan miyagu, ɗaya daga kowane gida. A 1981 Superman da Spider-Man suka sake gamuwa, a shekarar kuma aka haɗa Batman da Hulk, inda Batman ya kai ƙaton ƙasa da hayaƙi mai sa barci, bayan ya doke shi a ciki don ya tilasta masa shaƙa. A 1982 aka haɗa X-Men da Teen Titans, rubutun Chris Claremont da zanen Walt Simonson. Dalilin yawan canjaras ɗin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kowane gwarzo dukiya ne, hotonsa na kan riguna da kayan wasa da akwatin talabijin. Ba ɗan kasuwar da zai sa hannu da daɗin rai a takardar da za a nuna hajarsa a kwance.

Inda aka kasa daidaita awon, sai ciniki ya watse. A farkon shekarun 1980 aka shirya gamon manyan rundunonin biyu, Justice League ta DC da Avengers ta Marvel. George Pérez, matashin mai zane da ya riga ya yi aiki a kan rundunonin biyu, ya zana shafi 21 a 1983, sai editocin gidajen suka saɓa a kan tsarin labarin, kowa ya ɗora wa ɗan uwansa laifi, aka rufe batun. Fiye da shekara goma ba a sake gamuwa ba, sai a 1994 da aka haɗa Batman da Punisher. Waɗannan shafuka 21 suka zama wa masu karatun Amurka abin da babban littafin nan ya zama mana a kolej: labarin da ba a gani ba, wanda saboda haka kowa ya ƙarasa shi yadda yake so.

Abin da ya ƙara kusantar da kishiyoyin shi ne yunwa. A farkon shekarun 1990 kasuwar littattafan zane ta kumbura, mutane na sayen kofe da yawa suna ɓoyewa da fatan za su yi tsada; da abin ya fashe, shaguna da yawa suka rufe, Marvel kansa ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi a Disamban 1996. A cikin wannan hali ne, a farkon shekarar, aka fitar da littafi mai kashi huɗu, DC da Marvel gaba da gaba, rubutun Ron Marz da Peter David, zanen Dan Jurgens da Claudio Castellini. Wannan karon aka yi alkawarin ba canjaras. Aka shirya karo 11: shida marubuta suka yanke, biyar kuma aka bar wa masu karatu su jefa ƙuri'a.

Ku dubi yadda lissafin ya fita. A karo shidan da marubuta suka yanke, DC ya ci uku ta hannun Flash da Aquaman da Robin, Marvel ya ci uku ta hannun Thor da Silver Surfer da Elektra. Ko mai rabon gado bai fi haka kiyaye awo ba. A biyar na ƙuri'a kuwa, Superman ya kayar da Hulk, Batman ya sha da ƙyar a kan Captain America, Spider-Man ya kayar da Superboy, Storm ta kayar da Wonder Woman, Wolverine ya kayar da Lobo. Biyun ƙarshen nan su ne ƙashin da ya tsaya a wuya har yau. Lobo ƙato ne da ya sha gwada ƙwanji da Superman kansa. Wolverine kuwa a lokacin ko ƙarfen da ke jikin ƙashinsa an zare masa. Amma X-Men su ke tashe a shekarun nan, ƙuri'a kuwa ta bi tashe. Ga alama masu aikin sun rasa yadda za su nuna wannan kaye ya shiga hankali, sai suka sa su biyun suka faɗa bayan kantar wata mashaya, inda mai karatu ba ya ganin kome, can sai ga Wolverine ya miƙe shi kaɗai.

Mu da muka san filin kokowa mun fi kowa gane abin da ya ɓata wa masu karatu rai. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi sarauta, kowace jiha na zuwa da makaɗanta da masu kirarinta, kuma kowa na ganin nasa ne gwani. Amma in an shiga fili, ƙasa ce alƙali. Da za a ce ƴan kallo su ɗaga hannu a ƙirga, a ba mai rinjaye takobi, da ba wanda zai sake taka ƙafarsa zuwa kallo. Masu karatun 1996 an yi musu alkawarin kokowa, aka ba su zaɓe. Ga shi kuma a labarin zane babu ƙasar da za ta yi alƙalanci, sai alƙalamin marubuci, shi kuwa alƙalamin yana da ubangida. Gardamar gwarazan nan ta fi kama da wadda dattawa ke yi da samari a fada, ko Kantu a ganiyarsa zai iya da Isaka Isaka na Doso. Ba ranar da za a yanke ta, shi ya sa ake sake ɗora shayi a kanta.

Abin da na fi ƙauna a aikin 1996 ya zo ne a tsakiyarsa, sa'ad da aka zuba gidajen biyu a tukunya ɗaya na ɗan lokaci. Aka ƙaga wani kamfani na wasa mai suna Amalgam, aka fitar da littattafai 12 a shekarar, wasu 12 a 1997, cike da gwaraza ruwa biyu: Batman da Wolverine suka zama mutum guda mai suna Dark Claw, Superman da Captain America suka zama Super-Soldier, Storm da Wonder Woman suka zama Amazon. A nan ne na ga manya sun yi irin wasan da muke yi da bik a bayan littafin rubutunmu, muna ɗora kan wannan a jikin wancan. A ɓangaren Faransa ma wani abu ya faru a daidai lokacin: kamfanin da ya gaji Lug ya rasa izinin buga Marvel, izinin ya koma hannun Panini a 1997, sai mujallar Strange, wadda muka sani a matsayin gidan Gizo-gizo shekara da shekaru, ta wayi gari da gwarazan DC a cikinta. Ba ta jima ba bayan haka, a 1998 ta tsaya.

Sai a 2003 aka biya tsohon bashi. Shekara 20 bayan watsewar ciniki, George Pérez ya koma kan teburinsa, Kurt Busiek ya rubuta masa sabon labari, Justice League da Avengers suka gamu a kashi huɗu da suka ƙare a 2004. A ganina wannan ne gamon da ya amsa sunansa, domin marubucin ya gane cewa idanun gidajen biyu sun fi damtsensu cancantar a haɗa. Ya sa kowace runduna ta leƙa duniyar ɗayar. Superman ya ga duniyar Marvel, inda azzalumi irin Doctor Doom ke mulkin ƙasa, ana kuma farautar mutane don an haife su dabam, ya yanke cewa gwarazan nan sun yi sakaci da amanar da ke wuyansu. Captain America ya ga duniyar DC, inda aka gina wa Flash gidan tarihi, jama'a na yi wa gwaraza kallon iyayen giji, ya yanke cewa waɗannan sun mai da mutane mabiya. Kowanensu ya faɗi abin da masu karatun gidansa suka daɗe suna faɗa game da ɗaya gidan, kuma kowanensu yana da rabin gaskiya.

An yi faɗa, ba a ce ba a yi ba. Superman ya kai Thor ƙasa da ƙyar, kuma magoya bayan Thor ba su yafe ba har gobe. Amma Batman da Captain America, bayan sun ɗan gwada juna, sai suka bar dambe suka tafi binciken wanda ya haɗa husumar. A ƙarshe rundunonin biyu suka miƙa jagoranci ga Captain America, mutumin da yawancinsu suka fi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi kuma ya danƙa wa Superman garkuwarsa, Thor ya jefa masa gudumarsa, wadda ba ta ɗaguwa sai ga wanda ya cancanta. Da ƙura ta lafa, Superman ya nemi sake ɗaga gudumar, ta ƙi motsi. Aron sa'a guda ne, don larura. Wannan ɗan wuri ya fi mini duk wani kaye da aka taɓa zanawa, domin an karrama baƙo ba tare da an ƙwace wa mai gida kayansa ba.

Pérez ya zana gwaraza sama da 200 a bangon kashi na uku. Bayan haka ƙofa ta sake rufuwa. Disney ya sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dalar Amurka miliyar 4, DC kuwa ya riga ya daɗe a hannun Warner. Gasar ta tashi daga takarda ta koma silima, inda kuɗin ya fi nauyi, littafin Pérez ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru. Sai da ya sanar a ƙarshen 2021 cewa yana fama da ciwon dajin da ba zai tashi ba, sa'an nan gidajen biyu suka yarda wata ƙungiyar agajin masu zane, Hero Initiative, ta sake buga kofe 7000. Littafin ya fito a watan Maris na 2022, shi kuma ya rasu a watan Mayu.

Labarin Pérez ya tuna mana abin da gardamar magoya baya ke rufewa: katangar ta masu kamfani ce, masu aikin kuwa tun da can suna tsallake ta. Jack Kirby, wanda ya fara zana Captain America da Hulk da Thor da X-Men, ya bar Marvel a 1970 ya koma DC, ya ƙaga Darkseid, mugun da X-Men suka yaƙa a gamon 1982. Len Wein, wanda yake cikin waɗanda suka ƙaga Wolverine, shi ne ya rubuta karon Batman da Hulk yana DC. Kuma kishiyoyin nan da ba sa iya haɗa littafi sai an yi ta ja-in-ja, sun iya haɗa kai sama da shekara 40 suka mallaki kalmar Turancin da ake kiran irin waɗannan gwaraza da ita, don kada wani na uku ya sa ta a bangon littafinsa, har sai da hukumar rajista ta Amurka ta soke mallakar a 2024. Siegel da Shuster kuwa, sai a 1975, suna tsofaffi cikin talauci, aka yanka musu fansho, aka yarda a mayar da sunansu kan Superman.

To, ina muka tsaya a gardamar yau? Masu kewar da suna cewa gamon can yana da daraja don ba safai ake yinsa ba, yanzu kuwa da silima ta saba wa mutane da duniyoyi barkatai, har Spider-Man uku sun tsaya a fim guda a 2021, gamo ya zama tuwon kullum. Suna kuma nuni da cewa Batman da Deadpool an zaɓe su ne don su ke kawo kuɗi. Masu murna na amsa musu da cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma Superman da Spider-Man ma a 1976 ba don zumunci aka zaɓe su ba. A nan ina tare da masu murna: ciniki ne jiya, ciniki ne yau. Amma ina fahimtar masu kewa, don na san abin da suke nema ba ya cikin kowane littafi, ko da an sake buga shi da takarda mai sheƙi, kamar yadda aka tattara tsofaffin gamon a manyan kundaye a 2024. Suna kewar lokacin da tambayar take hannunsu ne. Kafin a buga amsa kowane yaro marubuci ne. Da aka buga, sai ya koma mai saye, ko dai ya yarda ko ya yi fushi.

Akan ce gwarazan nan su ne tatsuniyoyin zamani, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da ba sa tsufa, kowane zamani kuma na sake ba da labarinsu da bakinsa. Amma akwai bambanci guda da ya kamata mu malaman Hausa mu riƙe. Gizo ba shi da ubangida. Kakata takan haɗa shi da Zaki da Kura da Dodo da sarkin gari a dare guda, ba ta nemi izinin kowa ba. In ta ga dama gobe ta sa Ƙoƙi ta yi galaba a kansa, in wata tsohuwa a Tasawa ta ba da labarin dabam, ba mai kai ta kotu. Tatsuniya gamo ce tun asali. Abin da manyan kamfanoni biyu suka buƙaci lauyoyi da shekara 20 kafin su yi, yarinya ƴar shekara bakwai na yinsa a tsakar gida bayan tuwon dare.

Ɗalibaina na yau ba su san Strange ba. A waya suke ganin gwarazan nan, guntu-guntu, kuma su ma ba su san da katanga ba: suna haɗa Thor da Superman, su kawo Goku na Japan su ɗora a kai. Wannan gardama tasu kuwa kayan aiki ce ga malami. Wanda ya ce wane zai ci, sai in ce ya kawo hujja uku a rubuce, ya kuma faɗi hujjar abokin gardamarsa da adalci kafin ya rushe ta. Wannan shi ne tushen rubutun muhawara da muke shan wahalar koya musu a darasin Faransanci. A darasin Hausa kuma nakan ba su aikin gamo: su ɗauki gwarzo ɗaya daga waje, ɗaya daga tatsuniya, su haɗa su a labari, da sharaɗin kada a sauya wa kowa hali.

Bara wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe na kolej ta haɗa Gizo da Spider-Man. A labarinta ba a yi naushi ko ɗaya ba. Gizo ya tarbi baƙo da fara'a, ya kira shi ɗan uwa, ya yi kukan cewa Ƙoƙi ba ta da lafiya, yara ba su ci ba, ya roƙi aron abin harba yanar nan zuwa gobe, ko ya samo musu abin kai wa baki. Spider-Man, da yake mutum ne da ba ya iya ganin mabuƙaci ya wuce, ya kwance shi daga hannunsa ya ba shi. Labarin ya ƙare yana zaune a ƙofar gidan Gizo, kwana na uku, ana ce masa mai gidan ya yi tafiya. Ajin ya rabu biyu nan take, rabi na cewa Gizo ya ci, rabi na cewa wanda aka cuta don kirkinsa ba a kayar da shi ba. Suka juyo gare ni in raba gardama. Na ba yarinyar 17 bisa 20, na ce su kawo mini amsa a rubuce ranar Litinin, shafi guda, kowa da hujjarsa.